Tarihin Kirsimeti: Yadda Aka Tsai da Ranar da Yadda Al'adu Suka Taru Kanta

A garin Baitalami, inda Kirista suka yi imani nan aka haifi Annabi Isa, wanda suke kira Yesu Almasihu, sau uku ake yin bikin Kirsimeti a cikin sanyi guda. Katolika da Furotesta suna yin nasu ran 25 ga Disamba. Bayan kwana 13, watau ran 7 ga Janairu, sai Girkawa 'yan Otodoks da Kibɗawa da Habashawa su yi nasu. Armeniyawan ƙasar kuwa sai ran 19 ga Janairu. Dukansu haihuwa ɗaya suke tunawa, kuma babu wanda ya ce ɗan'uwansa wani mutum dabam yake nufi. Saɓanin ya taso ne daga yadda aka sami ranar tun asali. Ba a gaje ta daga bakin waɗanda suka shaida haihuwar ba. Lissafa ta aka yi, bayan kusan shekara 300, sa'an nan aka ɗora ta a kan kalandar da ita kanta daga baya ta rabu biyu.

Sunan bikin ma ya zo a makare. Kalmar Kirsimeti ararriya ce daga Turancin Ingilishi, kuma a can asalinta kalmomi biyu ne masu ma'anar sujadar Almasihu, an fara ganinsu a rubuce a shekarar 1038. Faransawa suna cewa Nowel, sunan da mutanen Nijar suka saba ji, daga kalmar Latin mai nufin ranar haihuwa. Larabawa suna cewa Idil Miladi, daga tushen da ya ba da kalmar Miladiyya. Mutanen arewacin Turai kuwa har yau suna kiransa Yul, sunan wani bikin hunturu da kakanninsu ke yi tun ba su karɓi Kiristanci ba.

Shirun littattafan farko

Daga cikin Linjila huɗu, biyu kaɗai suka ba da labarin haihuwar, ta Matiyu da ta Luka. Markus da Yohanna ba su taɓo ta ba. Waɗanda suka ba da labarin kuwa ba su faɗi wata ba, balle rana. Ko shekarar ma ba ta zauna ba. Matiyu ya sa haihuwar a zamanin Sarki Hirudus, wanda yawancin masana tarihi suka yarda ya mutu shekara 4 kafin Miladiyya. Luka ya haɗa ta da ƙidayar jama'a ta Gwamna Kiriniyus, wadda aka sani an yi a shekara ta 6 Miladiyya. Tsakanin biyun akwai shekara wajen 10. Ƙirgen Miladiyya da ake amfani da shi yau wani malamin coci ne mai suna Diyonisiyus ya tsara shi a Roma a shekarar 525, kuma ga dukan alamu ya yi kuskuren 'yan shekaru.

Akan kafa hujja da makiyayan da Luka ya ce suna kwana a daji da garkensu, a ce wannan ba zai yiwu a Disamba ba, lokacin da ake ruwa da sanyi a tuddan Yahudiya. Hujjar tana da daɗin ji, amma ba ta da ƙarfin da ake ba ta, domin marubucin bai nufi bayyana yanayin shekara ba, kuma daga kwanan makiyayi a waje ba a iya fitar da kwanan wata.

Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne, Kiristan farko ba su damu da ranar ba. Babban idinsu shi ne Ista, tunawa da mutuwar Almasihu da tashinsa bisa ga imaninsu. Ranar da suke kiyayewa ga shahidi ita ce ranar da aka kashe shi, ita ce ma suke kira ranar haihuwarsa, watau haihuwa zuwa lahira. Orijin, babban malamin Iskandariyya a ƙarni na 3, ya lura cewa a Littafi Mai Tsarki masu shagalin ranar haihuwarsu su ne irin su Fir'auna da Hirudus, saboda haka bai ga abin koyi a ciki ba. Kafin shi, wajen shekarar 200, Kilemas na Iskandariyya ya ambaci ranakun da waɗansu masu bin diddigi suka fitar: waɗansu sun ce 20 ga Mayu, waɗansu 19 ko 20 ga Afrilu. Wani littafin lissafin Ista na shekarar 243 ya ce 28 ga Maris. A jerin Kilemas babu 25 ga Disamba.

Daga ina 25 ga Disamba ta fito?

Shaida mafi daɗewa da ba a gardama a kanta tana cikin wani kundin kalanda da aka rubuta wa wani attajirin Roma a shekarar 354. A cikinsa akwai jerin ranakun tunawa da shahidai, wanda masana suka nuna an tsara shi tun 336, kuma ya buɗe da 25 ga Disamba a matsayin ranar haihuwar Almasihu a Baitalami. A wani sashe na wannan kundi, inda aka jera bukukuwan gwamnati, an rubuta cewa a wannan rana ce ake bikin haihuwar "Wanda ba a rinjaya", laƙabin gunkin rana, tare da tseren keken doki zagaye 30. Daga wannan haɗuwa ce mahawarar masana ta taso, kuma ta rabu gida biyu.

Ra'ayi na farko shi ne wanda ya fi yaɗuwa a bakin jama'a. Ya ce Ikkilisiya ta tarar da bikin arna ne ta sa masa sabuwar riga. A lissafin Rumawa, 25 ga Disamba ita ce ranar da dare ke kai matuƙar tsawonsa, daga nan yini ya fara ƙaruwa. Kaisar Aureliyan ya gina wa gunkin rana babban ɗaki a shekarar 274. Kafin ranar kuma akwai Saturnaliya, daga 17 zuwa 23 ga wata, lokacin ciye-ciye da kyaute-kyaute, har iyayengiji su zauna cin abinci da bayinsu. Bajamushe Hermann Usener ne ya ba wannan ra'ayi ƙarfi a 1889. Akwai abin da ke goyon bayansa. Augustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya gargaɗi jama'arsa su girmama ranar saboda wanda ya halicci rana, kada su girmama ta saboda ita ranar. A tsakiyar ƙarni na 5 kuma Paparoma Leo ya tsawata wa masu juyawa su rusuna wa rana a kan matakalar majami'ar Bitrus kafin su shiga.

Sai dai ra'ayin yana da rauni a wurare biyu. Babu wani marubuci na ƙarni na 4, Kirista ko ba Kirista ba, da ya ce an ɗauki ranar ne don a danne bikin rana. Wanda ya fara faɗin haka ƙarara wani magatakarda ne na Suriyanci da ya yi sharhi a gefen littafi a ƙarni na 12, bayan shekara 800 ke nan. Na biyu, tsofaffin bukukuwan gunkin rana da aka sani a Roma suna faɗowa ne a watanni irin su Agusta da Oktoba, kuma babu tabbatacciyar shaidar bikinsa ran 25 ga Disamba kafin wannan kundi na 354. Watau takardar da ta fara nuna bikin arnan ita ce dai ta fara nuna na Kirista, don haka ba ta iya nuna wanda ya riga wani. Saturnaliya kuwa tana ƙarewa kwana biyu kafin ranar.

Ra'ayi na biyu na masu lissafi ne. Bafaranshe Louis Duchesne ya kawo shi, shi ma a 1889, Ba'amurke Thomas Talley ya sabunta shi a 1986. Tun wajen shekarar 200, Tartuliyan na Kartaj ya ce an gicciye Almasihu ran 25 ga Maris. Masu wannan ra'ayi suka ce mutanen da sun ɗauka cewa rayuwar babban bawan Allah cikakkun shekaru ce, ba guntu, saboda haka ranar da ya bar duniya ita ce ranar da aka ɗauki cikinsa. In an ɗauki ciki ran 25 ga Maris, aka ƙirga wata 9, sai a sauka daidai kan 25 ga Disamba. Augustin ya faɗi wannan lissafi da bakinsa. Abin da ya ƙara masa armashi shi ne ya warware ranar Gabas ma: a can waɗansu sun sa gicciyewar ran 6 ga Afrilu, kuma wata 9 daga nan shi ne 6 ga Janairu, ranar da Kiristan Gabas suka fara riƙewa. Akwai wata alama kuma daga Afirka ta Arewa. 'Yan Donatus, waɗanda suka ɓalle daga Ikkilisiya wajen 312, Augustin ya zarge su da ƙin kiyaye idin 6 ga Janairu, amma bai zarge su da ƙin na Disamba ba, abin da ya sa waɗansu ke ganin bikin ya girmi ɓallewar.

Wannan ra'ayi shi ma bai kuɓuta ba. Abin da aka samu a wurin malaman Yahudawa shi ne haɗa ranar mutuwa da ranar haihuwa, kamar yadda suka ce Annabi Musa an haife shi kuma ya rasu ran 7 ga watan Adar. Maganar ɗaukar ciki ƙari ce da ba a ga tushenta a can ba. Littattafan da suka faɗi lissafin a fili kuma an rubuta su ne bayan bikin ya riga ya kafu, don haka mai yiwuwa ne bayani ne aka nemo wa abin da ake yi. Hujja daga shirun Augustin kuwa, hujja ce daga shiru.

In aka auna, abin da ya fi kusa da hankali shi ne, ra'ayoyin biyu ba su yi nisa da juna kamar yadda masu su ke zato ba. Ita 25 ga Maris ɗin ai ita ce ranar da dare da yini ke daidaita a lissafin Rumawa, ranar da waɗansu Kirista suka ɗauka an halicci duniya. Mutumin da ya zaɓe ta, tafiyar rana yake dubawa. Shi ya sa aka sa haihuwar Yahaya mai baftisma ran 24 ga Yuni, lokacin da yini ke fara raguwa, ta Almasihu kuma lokacin da yake fara ƙaruwa. Mai cewa an kwafi bikin gunki kai tsaye ya faɗi abin da shaida ba ta kai ba. Mai cewa babu ruwan ranar da sararin sama shi ma ya rufe ido daga kalandar da masu lissafin suka yi aiki da ita.

Yaɗuwar bikin da rabuwar kalanda

Daga Roma bikin ya nufi Gabas, a hankali. Ya shiga Kustantiniya wajen 380. A Antakiya, Yohanna Kirisostom ya yi wa'azi a 386 yana cewa ba a cika shekara 10 da sanin ranar a garin ba, kuma ya sha aiki wajen shawo kan masu ganin bidi'a ce. Iskandariyya ta karɓa wajen 432. Urushalima, wadda ta fi kowa kusa da Baitalami, ta fi kowa jinkiri, sai a ƙarni na 6. Inda aka karɓa, sai aka bar wa 6 ga Janairu tunawa da baftisma a Gabas, da zuwan masana taurari a Yamma. Armeniyawa kaɗai suka ƙi sakin tsohuwar al'ada, suna haɗa haihuwa da baftisma a rana guda, 6 ga Janairu, har yau.

Ranar 7 ga Janairu kuwa labarinta dabam ne. Kalandar da Yuliyus Kaisar ya kafa shekara 45 kafin Miladiyya ta ɗauki shekara a kan kwana 365 da rubu'i. Wannan ya zarce ainihin shekarar rana da minti 11, abin da ke taruwa ya zama kwana ɗaya a duk shekara 128. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara ta, aka kwana ran 4 ga Oktoba aka tashi ran 15. Ƙasashen Katolika suka bi nan da nan. Ingila ta ƙi gyaran Paparoma har 1752, Rasha har 1918, kuma ko da gwamnatin Rasha ta sauya, cocinta bai sauya ba. Tazarar yanzu kwana 13 ce. Saboda haka Barashen da ke bikin 7 ga Janairu, a kalandar cocinsa 25 ga Disamba yake yi. Kibɗawa suna kiran ranar 29 ga Kiyak, Habashawa 29 ga Tahsas, bayan azumin kwana 43, kuma dubban masu ziyara kan taru a majami'un dutse na Lalibela. Armeniyawan Urushalima sun haɗa abu biyu, tsohuwar rana da tsohuwar kalanda, shi ya ba da 19 ga Janairu. Cocin Girka ya koma sabon lissafi a 1924. Yukiren ta koma 25 ga Disamba a 2023, cikin yaƙinta da Rasha, kuma babu mai shakkar cewa siyasa ce ta motsa kalandar. In ba a yi wani gyara ba, bayan shekarar 2100 tazarar za ta zama kwana 14, masu tsohon lissafi su koma 8 ga Janairu.

Al'adun bikin

Yawancin abin da ake gani a matsayin alamar Kirsimeti bai kai ranar daɗewa ba. Siffanta wurin haihuwa da komin dabbobi ya shahara ne daga Faransis na Asisi, wanda ya shirya shi da sa da jaki masu rai a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223. Sa da jakin ba su cikin labarin Luka, daga fassarar wata aya ta Ishaya aka shigo da su. Haka nan Matiyu bai faɗi yawan masana taurarin ba, kyautarsu ce uku, zinariya da lubban da mur, sai aka mai da su mutum uku, alhali a al'adar Suriyaniyawa 12 ne.

Itacen Kirsimeti na Jamusawa ne. An ambace shi a takardun garin Selesta na yankin Alzas a 1521, an kuma siffanta shi a Sitirasbug a 1605, da tuffa da takardu masu launi a rataye. Masu danganta shi da bautar itatuwa ta arnan da suna tsallake shekara ɗaruruwa da babu shaida a cikinsu. Ya fi kama da itacen Aljanna na wasannin kwaikwayon Adamu da Hauwa'u, waɗanda ake tunawa da su ran 24 ga Disamba. Bai zama ruwan dare a Ingila ba sai da wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, Bajamushe, da 'ya'yansu kewaye da shi a 1848.

Tsohon nan mai farin gemu asalinsa Nikolas ne, bishop na Mira a ƙasar Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4. Hikaya ta ce ya jefa wa wani matalauci zinariya da dare don ya aurar da 'ya'yansa mata uku. Ranarsa 6 ga Disamba ce, kuma a ranar ake ba yara kyauta, kafin masu gyaran addini na ƙarni na 16, da ba su son girmama waliyyai, su matsar da kyautar zuwa Kirsimeti. A Amurka aka sāke masa kama: wata waƙa da aka buga a 1823 ta ba shi keken ƙanƙara da barewa, mai zane Thomas Nast ya fara zana shi a 1863, tallan Coca-Cola kuma daga 1931 ya kai wannan siffa ko'ina, ko da yake jar rigar ta riga tallan.

Waɗanda suka fi yaƙar bikin a tarihi, in aka cire gwamnatin Sobiyet, Kirista ne. Masu tsattsauran ra'ayin Furotesta sun ce ba shi da tushe a Littafi Mai Tsarki, ga shi kuma ya zama lokacin shaye-shaye da caca. Majalisar Sikotilan ta soke shi a 1640, bai zama ranar hutu a can ba sai 1958. Majalisar Ingila ta hana shi a 1647, har aka yi tarzoma a Kantabari, aka dawo da shi da dawowar sarauta a 1660. A Masacuset, daga 1659 zuwa 1681, duk wanda aka kama yana bikin tararsa sule 5. Kirsimetin iyali, na zaman gida da yara da taimakon matalauta, ƙarni na 19 ne ya gina shi. A shekara guda, 1843, Charles Dickens ya fitar da shahararren labarinsa na marowaci, aka kuma buga katin gaisuwa na farko a Landan, kwafi 1,000. Amurka ta mai da ranar hutun gwamnatin tarayya a 1870.

Zuwansa Nijeriya

Bikin ya iso ƙasar nan a daidai lokacin da ake sāke masa siffa a Ingila. A Disamba 1842, Thomas Birch Freeman da Henry Townsend suka yi sujadar Kirsimeti a gindin itacen agiya a Badagiri. A ƙasar Hausa sai a ƙarni na 20, ta hannun irin su Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya daga 1905 kafin mishan ta koma Wusasa, kuma ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki da ta fito da Hausa a 1932. Saboda ta hannun Turawan Yamma ya zo, 25 ga Disamba aka gada, har da hutun kashegari irin na Ingila.

Dusar ƙanƙara da itacen Alzas ba su sami gindin zama sosai ba a wajen manyan birane. Amma ranar ta faɗo a kan gaɓa mai kyau, cikin hunturu, an gama kaka, rumbu cike, hanya ta bushe, masu ci-rani da ma'aikata suna iya komawa gida. Abin da ya kafu a Wusasa da kudancin Kaduna da Filato da ƙauyukan Maguzawan da suka karɓi Kiristanci ya fi kama da shirin Salla: ɗinkin sababbin kaya, kitso, yanka akuya ko kaji, shinkafa da miya da cincin, waƙoƙin zumuntar mata da Hausa, yara kuma suna bi gida-gida da kwanukan abinci zuwa ga maƙwabta, Kirista da Musulmi, suna gaisuwar barka da Kirsimeti.